Labarin Zuciya a Tambayi Fuska: Gano Cikin Matsakaitan Duniyoyi Daga Iskar da ta Lulluɓe Su

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 1995, lokacin da wasu masana ilmin taurari biyu na Jami'ar Janeba, wato Michel Mayor da Didier Queloz, suka ba da sanarwar gano wata duniya da ke kewaya wani tauraro mai kama da rana, aka shiga farautar irin waɗannan duniyoyi ba ƙaƙƙautawa. Ya zuwa watan Satumba na 2025, adadin waɗanda hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta tabbatar ya kai 6,000. Wani abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, kaso mai tsoka na wannan adadi duniyoyi ne masu matsakaicin girma, waɗanda suka fi duniyarmu amma ba su kai Naftun ba. A cikin duniyoyi takwas da ke kewaya ranarmu kuwa babu irinsu ko guda. Daga duniyarmu sai a tsallaka zuwa Naftun da Yuranus, waɗanda kowaccensu ta ninka ta faɗi kusan sau huɗu. Ashe ke nan abin da ya yi yawa a gidajen maƙwabta shi ne babu a namu gidan, balle mu duba shi kusa da kusa mu yi ƙiyasi da shi.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana hanyar da masana ke bi wajen gano abin da ke cikin waɗannan matsakaitan duniyoyi, ko dutse ne, ko ruwa, ko kuwa iska ce zalla, ta hanyar nazarin iskar da ta lulluɓe su. Za a ɗauki wata duniya mai suna K2-18b a matsayin zakaran gwajin dafi, domin a kanta ne gardama ta fi zafi.

Kafin a yi nisa, ya kamata a daidaita wasu kalmomi. Bahaushe yana kiran duk wani ɗigon haske da ya gani a sama da dare tauraro, har da Zara matar wata, wadda a haƙiƙa duniya ce da ke haskawa da aron hasken rana. A wannan maƙala an keɓe "tauraro" ga abin da ke ci da wutar kansa kamar rana, an kuma yi amfani da "duniya" ga abin da ke kewaya shi. Iskar da ta lulluɓe duniya kuwa an kira ta "mayafi".

2.0 Iyakar abin da awo ke bayarwa

Ko cikin duniyar da muke takawa ba wanda ya taɓa gani. Rami mafi zurfi da ɗan'adam ya haƙa, wanda ke yankin Kola a arewacin Rasha, ya tsaya ne a ɗan abin da ya haura kilomita 12, alhali daga doron ƙasa zuwa cibiyarta kilomita 6,371 ne. Girgizar ƙasa ce ta tona mana asirin abin da ke ciki, domin jijjigarta tana ratsa dutse da narkakken ƙarfe da sauri mabambanci. Ta wannan hanya ce wata masaniya 'yar Denmak, Inge Lehmann, ta gano a 1936 cewa akwai daskararren ƙarfe a can tsakiya. Irin wannan dama ba ta samuwa game da K2-18b. Haske, mai gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, sai ya yi shekara 124 kafin ya iso mu daga can. Ba a taɓa ɗaukar hotonta ba. Duk abin da aka sani game da ita daga hasken tauraronta aka tatso shi.

Abu biyu ake fara aunawa. Na farko faɗi. Idan duniya ta gilma tsakaninmu da tauraronta, takan tare wani ɗan yanki na haskensa, kuma gwargwadon girmanta gwargwadon dusashewar hasken. Ta haka na'urar hangen nesa ta Kepler ta gano K2-18b, aka sanar da ita a 2015. Kowane kwana 33 takan rage hasken tauraronta da kimanin kashi 3 cikin 1,000, wanda ya nuna ta ninka duniyarmu faɗi sau 2.6. Na biyu nauyi. Kamar yadda tauraro ke jan duniyarsa, haka ita ma take jan sa, sai ya riƙa 'yar rangaji gaba da baya. Daga wannan rangaji aka ƙiyasta nauyinta ya ninka na duniyarmu sau 8.6.

Idan aka haɗa faɗi da nauyi sai a sami abin da za a iya kira "nauyin mudu". Duk wanda ya taɓa awo a kasuwa ya san mudun gero da mudun dusa girmansu ɗaya, nauyinsu ne daban. Idan aka ɗauki ruwa a matsayin ma'auni, mudun duniyarmu ya ninka mudun ruwa nauyi sau 5.5, domin dutse da ƙarfe ce. Na Naftun bai wuce 1.6 ba. Na K2-18b kuwa kimanin 2.7 ne, wato ta yi wa dutse sauƙi, ta kuma yi wa iska nauyi.

A nan ne gizo ke saƙar. A ce an ajiye wa mutum buhu ɗaurarre, aka ba shi sikeli, aka hana shi kwancewa. Nauyin da ya gani zai iya zama na gero tsantsa, zai kuma iya zama na yashi da aka cakuɗa da ƙaiƙayi, sikeli ba zai bambance masa ba. Haka lissafi ya nuna cewa faɗi da nauyin K2-18b sun dace da aƙalla siffofi uku. Tana iya zama curin dutse da ƙarfe wanda mayafin haidirojin mai kaurin dubban kilomita ya rufe. Tana iya zama duniyar da ruwa ya rinjaya a jikinta, mai teku ba gaɓa, da ɗan siririn mayafi a sama. Tana kuma iya zama wani abu tsakanin biyun, inda ruwa da iska suka garwaya ba iyaka a tsakaninsu. Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne rashin nauyin haidirojin: ko da bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 na nauyin duniya ba, yana iya kumbura faɗinta matuƙa. Saboda haka ƙara ingancin sikeli, kome yawansa, ba zai kwance bakin buhun ba. Sai an nemi wani shaida daban.

3.0 Yadda ake karanta mayafi

Lokacin da duniya ke gilmawa, wani ɗan haske na tauraron yakan ratsa gefen mayafinta kafin ya kamo hanya zuwa gare mu. Idan aka warware wannan haske zuwa launukansa, kamar yadda yayyafi ke warware hasken rana ya zama bakan gizo, sai a tarar wasu launuka sun ragu. Dalili kuwa shi ne kowace irin iska tana da launukan da take haɗiyewa, waɗanda suka zama mata kamar zanen fuska, da su ake gane asalinta. A 2002 David Charbonneau da abokan aikinsa suka ba da rahoton farko na irin wannan awo, inda suka gano sinadarin sodiyam a mayafin wata ƙatuwar duniya. A matsakaitan duniyoyi alamar ƙarama ce ainun, ba ta cika wuce kashi 1 ko 2 cikin 10,000 na hasken tauraron ba.

Girman alamar kansa labari ne. Ƙwayar haidirojin nauyinta 2 ne a ma'aunin masana sinadarai, ta tururin ruwa 18, ta kabon-dayoksaid 44. Mayafin da aka yi da iska marar nauyi yakan buɗe ya yi sama, ya bar alamomi manya. Mai nauyi kuwa yakan kwanta ya manne, alamominsa su ƙanƙance.

Farkon gwajin wannan dabara bai zo da daɗi ba. An ɗora buri a kan wata duniya mai suna GJ 1214 b, wadda aka gano a 2009. Bayan na'urar Hubble ta kalli gilmawarta sau 15, sakamakon da Laura Kreidberg da abokan aikinta suka fitar a 2014 ya zo sumul, ba alamar kome. Gajimare ko hazo ne a can sama ya rufe fuskar ruf. Sai da na'urar James Webb, wadda aka harba ran 25 ga Disamba 2021, mai madubi mai faɗin mita 6.5, ta fara aiki, sannan aka soma samun alamomin da za a iya kafa hujja da su.

4.0 Daga fuska zuwa zuciya

Tambayar da ta rage ita ce, ta yaya saman mayafi, wanda shi kaɗai haske ke ratsawa, zai ba da labarin abin da ke ƙarƙashinsa da nisan dubban kilomita? Amsar tana cikin zirga-zirgar iska tsakanin sama da ƙasa.

A saman mayafi, hasken tauraro yana farfasa wasu ƙwayoyin iska, musamman amoniya da mithen. Idan mayafin mai zurfi ne, kamar na Jufita, tarkacen yakan nutse zuwa can ƙasa inda zafi da matsi suka tsananta. Wannan wuri tamkar maƙera ce: a nan ake sake ƙera tarkacen ya koma amoniya da mithen, sannan iska mai tasowa ta dawo da su sama. Muddin maƙerar na aiki, ba za a rasa su a fuska ba. Idan kuwa mayafin siriri ne, wato akwai daɓe na dutse ko na ruwa da ya tare hanya tun kafin a kai wurin zafi, to babu maƙera, abin da haske ya fasa ya tafi ke nan. Daɗin daɗawa, amoniya tana narkewa cikin ruwa nan da nan, saboda haka teku zai shanye ta. A 2021, tun kafin a harba James Webb, wasu rukunonin masana, ciki har da na Renyu Hu da na Xinting Yu a Amurka, suka wallafa wannan hasashe, cewa rashin amoniya a mayafin haidirojin mai sanyi alama ce ta daɓe a kusa. A wannan shekarar ce kuma Nikku Madhusudhan na Jami'ar Kembirij ya gabatar da ra'ayin cewa akwai wani jinsin duniyoyi masu teku a ƙarƙashin mayafin haidirojin, waɗanda mai yiwuwa su iya ɗaukar rai.

K2-18b ta dace da gwajin, domin hasken da take samu daga tauraronta, wanda ƙarami ne ja, ya yi kusa da wanda duniyarmu ke samu daga rana. Tun a 2019 wasu rukunoni biyu, ɗaya a Landan ɗaya a Montiriyal, suka ce sun ga tururin ruwa a mayafinta da na'urar Hubble. Daga baya ta bayyana cewa a launukan da Hubble ke gani zanen ruwa da na mithen sun yi kama, kuma mithen ɗin ne aka ɗauka ruwa. A watan Satumba na 2023 rukunin Madhusudhan ya fitar da sakamakon James Webb: mayafin na haidirojin ne, akwai mithen da kabon-dayoksaid, kowane kimanin kashi 1 cikin 100, amoniya kuwa ba a gan ta ba. Hasashen 2021 ya faɗa daidai, sai ka ce an auna. Ba abin mamaki ba ne da labarin teku ya karaɗe kafofin watsa labarai.

4.1 Shaida ɗaya, fassara uku

Ba a yi shekara ba sai da aka kawo wasu fassarori. A 2024 Oliver Shorttle, wanda shi ma a Kembirij yake, tare da abokan aikinsa, suka nuna cewa narkakken dutse ma yana shanye naitirojin, wanda shi ne ginshiƙin amoniya, idan yana ƙarƙashin mayafi mai yawan haidirojin. Ma'ana, duniyar da ke da mayafi mai zurfi, wanda a gindinsa akwai tekun narkakken dutse mai zafin dubban digiri, ita ma za ta nuna fuska marar amoniya. Abin dubawa a nan shi ne nisan da ke tsakanin fassarorin biyu. Alama guda ce, amma wani ya karanta ta ya ga ruwan da halitta za ta iya rayuwa a ciki, wani ya karanta ya ga wutar da ke narkar da dutse.

A shekarar dai, Nicholas Wogan na NASA da abokan aikinsa suka tunkari batun ta fuskar mithen. Hujjarsu ita ce, idan da gaske mayafin siriri ne ba maƙera, to haske zai cinye mithen kamar yadda ya cinye amoniya, kuma abin da zai saura bai kai kashi 1 cikin miliyan ba. Samun kashi 1 cikin 100 na buƙatar ɗaya daga abu biyu: ko dai wasu ƙananan halittu ne ke samar da shi a cikin teku, ko kuwa maƙerar tana nan, wato mayafin mai zurfi ne ba shi da daɓe. Sun karkata ga na biyun domin ba ya buƙatar a ƙaddara akwai rai.

Akwai kuma matsalar zafi. Haidirojin, idan ya yi yawa, bargo ne mai riƙe ɗumi ƙwarai. Lissafin da wasu masana na Jami'ar Oksfod suka wallafa a 2023 ya nuna cewa da irin hasken da K2-18b ke samu, teku a ƙarƙashin wannan bargo zai yi ta ɗumama har ya wuce iyaka, sai fa idan akwai gajimare mai mayar da kaso babba na hasken. Iyakar da ake nufi sananniya ce. Idan zafin ruwa ya haura digiri 374 a ƙarƙashin matsin da ya ninka na iskar duniyarmu kimanin sau 218, bambanci tsakanin ruwa da tururi yakan gushe. A wannan hali kalmar "teku" ba ta da gurbi, domin babu wani fage da za a nuna a ce nan iska ta ƙare, nan ruwa ya fara. Wannan ita ce siffar da Björn Benneke da rukuninsa suka ba wata matsakaiciyar duniya mai suna TOI-270 d a 2024, bayan sun ga mithen da kabon-dayoksaid da tururin ruwa a mayafinta. A ganinsu duk sun garwaya da haidirojin tun daga sama har ƙasa, kamar kunun da aka dama da kyau.

4.2 Batun rai

A watan Afrilu na 2025 rukunin Kembirij ya sake fitowa da sanarwar cewa ya ga alamar wani sinadari mai ɗauke da farar wuta, wanda ake taƙaita sunansa da DMS, ko kuma wani ɗan'uwansa. A duniyarmu ƙananan tsirran teku ne suka fi samar da shi. Ƙarfin alamar, bisa lissafinsu, ya kai matakin da yiwuwar a ce dace ne kawai ba ta wuce kashi 3 cikin 1,000 ba. Wannan bai kai matakin da masana suka saba shar'antawa kafin a ce an gano abu ba, wanda ke neman yiwuwar dace ta gaza 1 cikin miliyan. Cikin 'yan makonni wasu masana suka sake nazarin bayanan. Jake Taylor na Oksfod ya nuna cewa miƙaƙƙen layi marar alamar kome ma ya dace da su, wasu kuma suka nuna cewa idan aka faɗaɗa jerin sinadaran da ake gwadawa, akwai da dama da za su iya cike gurbin DMS. Bugu da ƙari, an riga an ba da rahoto a 2024 cewa akwai DMS a jikin tauraro mai wutsiya 67P, inda babu mai zaton rai.

A nawa ganin, an yi gaggawar hawa reshe ba a tabbatar da gindi ba. Maganar rai a K2-18b ta rataya ne a kan samuwar teku, samuwar teku kuwa ta rataya a kan fassarar wani abu da ba a gani ba, wato amoniya. Hujjar da aka gina a kan rashi tana da rauni na musamman, domin abubuwa da yawa suna iya kawar da abu guda.

4.3 Ɗan aiken ruwa

Duk da haka, ba a tashi a tutar babu ba. A watan Yuli na 2025 rukunin Renyu Hu ya gabatar da sakamakon ƙarin kallon gilmawar K2-18b da James Webb. Sun tabbatar da mithen da kabon-dayoksaid, ba su kuma sami tabbacin DMS ba. Muhimmin abin da suka yi shi ne dogara ga abin da aka gani maimakon abin da aka rasa. Saman mayafin K2-18b yana da sanyi, saboda haka tururin ruwa yakan daskare ya zama gajimare tun bai kai inda haske ke ratsawa ba, shi ya sa ba a ganin sa. Amma ruwa yana da ɗan aike. A can cikin maƙera, idan haidirojin ya yi rinjaye, kabon yakan haɗu da shi ya zama mithen. Idan kuwa ruwa ya yawaita, oksijin ɗin da ke jikinsa yakan ja kabon ya zama kabon-dayoksaid, wanda shi sanyin wurin ba ya hana shi hawa. Don haka gwada yawan kabon-dayoksaid da na mithen a sama yana nuna yawan ruwan da ke ɓoye a ƙasa. Da wannan ma'auni suka yanke cewa cikin K2-18b yana da ruwa mai yawa. Ko dai yana garwaye da haidirojin a mayafi mai zurfi, inda ya kai aƙalla kashi 10 cikin 100, ko kuwa yana kwance a matsayin teku. Daga siffofi ukun da awon farko ya bari, an rage ƙarfin guda, wato curin dutse mai busasshen mayafi.

Wannan ya taɓo wata tsohuwar tambaya, ta asalin waɗannan duniyoyi. A 2017 Benjamin Fulton da abokan aikinsa suka nuna daga bayanan Kepler cewa ƙananan duniyoyi sun kasu gida biyu, kuma waɗanda faɗinsu ya faɗa tsakanin ninki 1.5 da ninki 2 na duniyarmu ba su da yawa. Wasu masana na ganin iri ɗaya ne tun asali, zafin tauraro ne ya yaye wa wasu mayafi ya bar su dutse tsirara. Wasu kuma na ganin manyan sun samu ne nesa da tauraro, inda ruwa ke zama ƙanƙara, suka kwashi rabonsu sannan suka matso kusa. Da an ɗauka cewa samun ruwa mai yawa a cikin duniya irin K2-18b zai raba wannan gardama, ya ba masu ra'ayi na biyu gaskiya. Sai dai gwaje-gwajen ɗakin bincike da aka wallafa a ƙarshen 2025, inda aka matse haidirojin da narkakken dutse tsakanin tsinin lu'ulu'u biyu aka gasa su da zafin dubban digiri, sun nuna haidirojin yana ƙwace oksijin daga jikin dutsen ya zama ruwa. Ke nan duniyar da ta samu a busasshen wuri kusa da tauraronta tana iya ƙera nata ruwan a cikin cikinta, ba tare da ta taɓa kusantar ƙanƙara ba.